Gwanjo biyu: su aiko mana tsumma, mu aika musu tarihi

Ranar 16 ga watan Yuli na 2025, a birnin New York na Amurka, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo 24 da ɗoriya. Dutsen ya faɗo ne daga duniyar Mars, kuma ba a taɓa tsintar wanda ya kai shi girma daga can ba. Wanda ya saya ya biya dalar Amurka miliyan 5.3, wato kusan sefa biliyan 3. A ƙasar Nijar aka tsince shi, cikin jihar Agadas, a watan Nuwamba na 2023. Daga hamada ya bi hannun dillalai ya isa Italiya, daga Italiya ya haye teku. Yawancinmu ba mu san da zamansa ba sai ranar da rediyo ya faɗi kuɗinsa. Gwamnati ta ce za ta binciki yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce shi kam takardunsa cikakku ne. Aka yi ta tayar da jijiyar wuya a Facebook da WhatsApp na ƴan kwanaki, sannan kowa ya koma kan farashin hatsi.

Ni fushina bai tsaya kan dutsen Agadas ba. Wancan dutse ne da ya faɗo cikin rairayi, ba kakan kowa ya sassaƙa shi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙaramin gwanjon da ake yi kullum cikin zaurukanmu da ɗakunan tsofaffinmu a nan ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Lugu, wanda rediyo ba ya faɗa, kuma ba wanda ke fushi a kansa. Da ku nake, iyaye da malaman makaranta, domin a gabanku ake yinsa, wani lokaci ma da hannunku.

A bakinmu, in an ce gwanjo, tunanin kowa yana zuwa kan dilar tsofaffin tufafi da ake kwancewa ranar kasuwa: rigunan da ɗan Bature ya gaji da su, takalman da suka sha tafiya a wata ƙasa, mu biya kuɗi mu saya wa ƴaƴanmu. A can kuma gwanjo babban zaure ne da masu hannu da shuni ke zama suna rige-rigen taya tsohon abu, wanda ya fi ba da kuɗi ya ɗauka. Su tsofaffin kayansu da ba su da amfani suke aiko mana, mu kuwa tsofaffin kayanmu da ba su da na biyu muke aika musu, kuma a cinikin nan guda biyu mu ne ke faɗuwa.

Ku dubi abin da suke saya a can. A watan Nuwamba na 2023, a Landan, an sayar da kwalbar giya guda ɗaya, Macallan ta 1926, a kan kuɗin Ingila fam miliyan 2 da ɗoriya. A cikin wannan wata, a garin Fontainebleau na Faransa, wata tsohuwar hular Napoleon ta tashi a kan yuro miliyan 1.9. A 2021 wani kan sarki na manna wa wasiƙa, wanda aka buga a Guyana a 1856, ƴar takardar da ba ta kai tafin hannun jariri ba, ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 8.3. Suna sayen tsofaffin kofunan gilashi, da wasiƙu, da takardun gayyatar biki, da littattafan da ake tara sa hannun manyan mutane a ciki. Mutum zai iya cewa wannan haukar masu kuɗi ce, kuma game da kwalbar giya ba zan yi masa musu ba. Amma akwai darasi a cikin haukar. Abin da aka yi hular Napoleon da shi bai fi na kowace hula ba. Abin da aka saya shi ne labarin hular, da takardun da ke tabbatar da labarin: wa ya sa ta, wa ya gaje ta, hannu nawa ta bi kafin ta iso zauren. A gidan gwanjo, salsalar abu a rubuce ita ke ɗaga kuɗinsa. Abin da ba a san asalinsa ba, ko na zinariya ne, darajarsa raguwa take.

Mu a nan muna da kayan, muna kuma da labarin, domin tsofaffin da suka san shi suna nan da rai. Sai mu sayar da kayan a kan kuɗin cefane, mu bar labarin ya bi mai shi kabari.

Wanda bai san darajar abinsa ba, ko a Turai yake, cutarsa ake yi. A 2021 wasu tsofaffi biyu, mata da miji, a kudancin Faransa, suna share tsohon gidansu, suka sayar wa wani dillalin tarkace wata fuskar itace da wani kakan mijin, jami'in mulkin mallaka, ya zo da ita daga Afirka. Yuro 150 ya ba su, kimanin sefa 98,000. A watan Maris na 2022 aka kai ta gwanjo a Montpellier, aka tabbatar ta ƙabilar Fang ce ta ƙasar Gabon, ta tashi a kan yuro miliyan 4.2, fiye da sefa biliyan 2.7. Tsofaffin suka kai ƙara, kotu ta ba dillali gaskiya a watan Disamba na 2023. Gwamnatin Gabon ma ta shiga shari'ar tana neman abin kakanninta, ita ma aka sallame ta hannu rabbana. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. In haka ta faru da mutanen da ke da lauya da kotu a ƙofar gida, me kuke tsammani ga tsohuwar da ke ƙauye, wadda ɗan jikanta ke yi mata ciniki?

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Baƙo zai shigo gari a kan babur, bakinsa da zaƙi, ya sauka wurin wani da ya sani. Ba zai ce kayan tarihi yake nema ba, zai ce tsofaffin tarkace yake saye, waɗanda ba a amfani da su. Ya tambayi tsakiyar da kaka ta gada, irin duwatsun wuyan nan na gilashi da fatake suka riƙa kawowa, wasu daga Turai, wasu daga hannun masagan Bida. Ya tambayi munduwa da tasa ta tagulla, da tsohon takobi, da kwari da baka, da sirdi da likkafa, da sandar tsohon mai gari, da tukunyar da aka tono a gona. Na ga an fito da takobin da aka ce kakan gida ya yi yaƙi da shi, aka ba da shi a kan kuɗin da bai sayi buhun gero ba, kuma ɗan gidan da ya yi boko shi ne ya yi tafinta. Ba wanda ya tambayi tsohon da ke kwance a ɗaki wane maƙeri ya ƙera shi, ko a wane yaƙi aka fita da shi. Takobin ya tafi ba suna. Can inda zai sauka, za a rubuta masa ƴar takarda a ce daga Afirka ta Yamma ya fito, a ƙarni na 19, shi ke nan.

Abin da dillali bai ɗauka ba kuwa, mu da kanmu muke hallaka shi. Takardu ne suka fi shan wuya. Rasit ɗin harajin zamanin Nasara, wanda tsofaffi ke kira lanho. Littafin tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi. Katin jam'iyyar Sawaba ko ta RDA daga lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Wasiƙar ajami da ɗan ci-rani ya aiko daga Kumasi ko Kano. Takardar tafiyar alhajin da ya je Makka ta ƙasa. Hoton aure baƙi da fari. Rajistar farko ta makarantar gari, mai ɗauke da sunayen yaran da aka fara kamawa aka sa lakwal. In mai gida ya rasu, a raba gona da dabbobi da tufafi, takardun kuma a bar wa gara, ko a kai wa mai ƙosai ta ƙunsa wa yara. A daidai wannan lokaci, katunan hoton da Turawan mulki suka riƙa aika wa danginsu daga Damagaram da Yamai suna nan ana cinikinsu a intanet, masu tarawa suna saye suna jerawa cikin kundi.

Yanzu mu zo Lugu, domin nan ne abin ya fi ba da kunya. Ba yaron makarantar Nijar da bai ji sunan Sarauniya Mangu ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, wadda ta biyo hanya tana ƙone garuruwa, ta afka wa Lugu, Sarauniya da mutanenta suka tsaya suka yi faɗa. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, daga baya ta kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da ita, ranar 14 ga Yuli a Dankori, kafin sojojin su juya su kashe Voulet da Chanoine a yankin Tasawa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take fata UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

To, malamai, in ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce yana son ya ga wani abu daga wancan yaƙi da idonsa, me za ku nuna masa? Abin da aka rubuta a lokacin, maharan ne suka rubuta shi, kuma rahotanninsu suna ajiye a Faransa, a gidan takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence. Ɗaya daga cikin hafsoshin, Paul Joalland, ya buga nasa labarin a 1930. A idon Turawan nan Sarauniya tsohuwar mayya ce kawai. Namu ɓangaren yana bakin tsofaffin Lugu da Bagaji da ƙauyukan da ke kewaye, yana cikin kirari, da sunayen wurare, da kayan da gidaje suka ɓoye. Masu bincike daga waje sun gane haka tun da daɗewa. Marc-Henri Piault ya zauna da tsofaffinmu ya buga tarihin Arewa a 1970. Adeline Masquelier ta zauna Dogon Dutsi ta buga littafi a kan bori a 2001. Ban ga laifinsu ba, sun yi aikin da ya kamata. Kakanninmu ne suka ba su labarin, suka rubuta shi da Faransanci da Ingilishi, mu jikoki muna zaune da tsofaffin nan a gida ɗaya, ba mu taɓa ɗaukar biro mun tambaye su ba.

Wanda ke ganin ina zuzuta magana ya tambayi abin da ya sami Bura, can cikin jihar Tillaberi. A 1975 aka gano wurin, a 1983 masanin nan Boube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya haƙa shi bisa ƙa'ida, aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara dubu. Da aka baje su a Faransa cikin shekarun 1990, masu tarawa suka gani suka yi sha'awa, kasuwa ta buɗe. Mutanen ƙauyuka suka shiga tono da fartanya da diga, suna fasa kaburbura suna sayarwa. A shekara ta 2000 sai da hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Tukunyar da aka fizge daga ƙasa ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, ta zama kurma, ba ta iya gaya wa kowa komai. Ba Bature ne ya riƙe digar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na san amsoshin da za a ba ni. Ta farko: talauci. Za a ce mai yunwa ba ya ajiye takobi yana kallo, kuma malamin da ke karɓar albashi bai isa ya yi wa manomi wa'azi ba. Yunwa gaskiya ce, kuma ban zo zagin wanda ya sayar da abinsa ya sayi magani ba. Sai dai mu duba ko cinikin yana fitar da shi. Kuɗin da dillali ke bayarwa yana ƙarewa kafin kasuwa ta sake ci, abin kuwa ya tafi har abada, ribar ta tafi ga na uku da na huɗu a layi. Kuma mafi yawan abin da muke asara ba yunwa ke cinye shi ba. Rasit ɗin lanho ba a sayar da shi ba, gara ta ci. Rajistar makaranta ruwan sama ne ya jiƙa ta a ofishin darakta. Labarin da ke bakin tsoho ba ya buƙatar ko dala ɗaya kafin a rubuta shi. Wannan sakaci ne, kuma mu masu ilimi muka fi kowa yinsa.

Ta biyu ita ce wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa: wai waɗannan kayan Azna ne, kayan bori, gara a rabu da su, wanda ya ajiye su imaninsa da saura. A wasu gidaje ma ba a jira dillali, ƙonawa ake yi. Ni Musulmi ne, kuma ban ce kowa ya durƙusa wa dutse ko tukunya ba. Amma ajiye abu don a san yadda kakanni suka rayu daban, bauta masa daban. Masar ƙasar Azhar ce, ga kayan Fir'aunoni nan ta gina musu gidaje tana nuna wa ƴan makaranta. Saudiyya tana kula da kufan Mada'in Salih, kuma tun 2008 yana cikin jerin UNESCO. Ba wanda ya ce musu sun bar addini. Abin mamaki, mutumin da ke ƙyamar abin kakansa ba ya ƙyamar kuɗin da za a ba shi in ya sayar. Sannan ba za mu riƙa yi wa Sarauniya kirari ranar bikin ƙasa, muna sa wa makarantu da gidajen rediyo sunanta, mu dawo gida muna jin kunyar mutanen da ta fito cikinsu da abin da suka bari ba. Lugu gari ne mai rai, da mutanensa, da sarautarsa, da dutsen Tunguma da aka san yankin da shi. Suna da hakkin a girmama abin da suka riƙe, ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba.

Ta uku: wai Turawa sun fi mu iya ajiya, in ya je can ya tsira. Abin da ya shiga gidan tarihin hukuma wataƙila ya tsira, amma wane yaron Dan Kasari ne zai sami biza ya je ya gan shi? Wanda ya shiga gidan wani attajiri kuwa ya ɓace ke nan, sai ranar da magadansa suka sake kai shi gwanjo. Dawo da abin da ya fita ma aiki ne ja. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin Faransa. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26 cikin kayan fadar Abomey da sojojinta suka kwashe a 1892. Shekara 129 kafin a sami guda 26, kuma waɗannan an san ranar da aka kwashe su da wanda ya kwasa. A 2023, da aka tashi yin gwanjon lambobin girma da kayan adon Léopold Sédar Senghor a garin Caen, sai da gwamnatin Senegal ta ciro kuɗi daga baitulmali ta saye su. Abin da ka sayar da hannunka, ba takarda, ba hoto, ba suna, da wace hujja jikanka zai je ya nemo shi?

Ta huɗu: wai aikin gwamnati ne. Lalle tana da nata kaso. Akwai dokar kare kayan tarihi tun 1997, akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucinsu, akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai tun 1959. Ya kamata ƴan duwan da jandarmomi su san tsohuwar tukunya kamar yadda suka san buhun shinkafar fasa-ƙwauri. Amma ba jami'in da zai shiga ɗakin kakarka ya buɗe akwati. Doka ba ta kare abin da ba wanda ya san yana nan. Ƙofar da kayan ke fita ta cikin gida take, kuma mabuɗinta yana hannun iyaye.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya jiran tallafin kowace ƙungiya. Malamin CM1 da CM2, da malamin tarihi a kwaleji, ku ba kowane ɗalibi aiki ɗaya a shekara: ya je gida ya nemi abu guda da ya girmi mahaifinsa, ya zauna gaban wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ya tambaya. Mene ne sunansa? Wa ya yi shi, a wane gari? Wa ya fara mallakarsa, ta yaya ya zo gidan nan? Me ake yi da shi? Ya rubuta amsar da Hausa yadda tsohon ya faɗa, da sunan mai ba da labarin da ranar da aka yi hirar. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, to ga wurin da za a fara aiki da ita. In akwai waya a gidan, a ɗauki hoton abin, a naɗi muryar tsohon. Kayan su zauna inda suke, kada a ce a kawo su makaranta a tara, nan ne ɓata ke farawa. Abin da masu shi suka ce ba a nunawa ko ba a ɗaukar hotonsa, a bar musu, yaro ya koyi cewa ba kowane sirri ake buɗe wa baƙo ba. Darakta ya sayi babban littafi ɗaya a haɗa aikin yaran a ciki, kwamitin iyaye na makaranta ya san inda yake, a kwafa a kai wa magajin gari.

A rufe sunan gida da wurin da abin yake ga wanda ba ruwansa, kada littafin ya zama jagorar ɓarayi, kuma kada a watsa hotunan a Facebook. Malamin da ya mayar da wannan aiki hanyar dillanci, iyaye su kai ƙararsa, domin ya ci amana sau biyu.

Ku kuma iyaye, ku ware akwatin ƙarfe ɗaya don takardun gida, ku ɗora shi kan dutse ko benci nesa da ƙasa da bango saboda gara da laima, ku riƙa buɗe shi bayan damina. Ku sa a rubuta sunayen mutanen da ke cikin tsofaffin hotuna a bayansu da fensir tun masu gane su suna da rai. Ranar rabon gado, a zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana a damƙa masa takardu da kayan kakanni a gaban shaidu, da sharaɗin ba ya sayarwa sai da yardar dangi. In baƙo ya zo neman tarkace, a tambaye shi sunansa da takardar izininsa, a kai shi wurin mai gari. Mai gaskiya zai je, marar gaskiya zai tayar da babur. In garma ta tono tukunya ko ƙashi a gona, a bar shi yadda yake a sanar da hukuma. In kuwa matsi ya kai mutum bango har sai ya sayar, to a fara ɗaukar hoto a rubuta labarin, a fara tayawa ga dangi da ƴan gari masu hali. Attajiranmu da ke gasar motoci da benaye a Yamai, ga wurin da kuɗinsu zai bar musu suna.

Yaron da ya zauna gaban kakarsa ya rubuta tarihin munduwarta ya koyi tambaya, ya koyi saurare, ya koyi rubutu da harshensa, ya kuma gane tarihi ba a Faransa kaɗai ya faru ba. Irin wannan yaro in ya girma, da wuya ya tsaya yana yi wa dillali tafinta a ƙofar gidan ubansa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an bar ta a cikin tulu. Kowace shekara muna binne tsofaffin da suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda suka gani da ido, kuma saura kaɗan su ƙare. Ku fara da wanda ke gidanku, a wannan mako.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.